Darasin Wannan Wata: Me Ake Koya Wa Yara A Ajin Kwamfuta?

Da zarar an ba da dogon hutu, sai a fara ganin alluna a bakin titi a Kano da Kaduna da Zariya da Katsina, har da wasu hedikwatocin ƙananan hukumomi. An rubuta cewa ana koya wa yara kwamfuta da haɗa mutum-mutumi. Labarin ya fara isowa karkara. Yaran da ke makarantun kwana su ne ke kawo shi gida.

Ga misalin wani magidanci, manomi, wanda bai daɗe da gama ajin yaƙi da jahilci ba. 'Yarsa tana aji 2 a ƙaramar sakandare. Ranar da ta dawo hutu, bayan an ci tuwon dare, sai ta zo ta durƙusa ta ce, "Baba, an buɗe ajin kodin a cikin gari. Ina so ka sa ni."

Ya ajiye buta ya ce, "Kodin? Wannan maganin tarin da ya lalata 'ya'yan mutane?"

Ta ce, "A'a Baba, wannan na kwamfuta ne."

Ya ce, "To, me za a koya miki a ciki?"

Sai ta yi shiru, don ita ma ba ta sani ba.

Ba a ga laifin wannan magidanci ba. Kodin ɗin da ya sani shi ne wanda gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigowa da shi cikin maganin tari a 2018. Wanda 'yarsa take nufi wata kalma ce daban ta Turanci. Sautinsu ne kawai ya zo ɗaya. Ma'anarta ita ce rubuta wa kwamfuta umarni. Kuma kuɗin ajin ba zai samu ba sai an ɗebi hatsi daga rumbu an kai kasuwa, ko an sayar da ɗan akuya. Wanda zai yi wannan ya kamata ya san abin da zai saya.

Kwamfuta Ba Ta Da Hankali

Hausawa sun sa wa kwamfuta suna na'ura mai ƙwaƙwalwa. Sunan ya yi daɗi, amma yana ruɗin mutane. Kwamfuta tana da sauri. Ba ta gajiya, ba ta mantuwa. Amma ba ta da hankali irin na ɗan Adam. Abin da aka ce ta yi shi take yi, ba ƙari ba ragi.

Idan uwa ta ce wa ɗanta, "Je ka sayo gishiri," magana ta ƙare. Yaro ya san zai karɓi kuɗi, ya san hanyar mai tebur, ya san zai karɓo canji ya dawo gida. Kwamfuta ba ta san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Sai an faɗa mata komai, ɗaya bayan ɗaya. Idan aka manta ba a ce ta dawo ba, can za ta tsaya.

Saboda haka aikin mai rubuta umarni shi ne ya ɗauki babban aiki ya gutsuttsura shi, ya jera gutsattsarin yadda ko marar hankali zai bi ya kai ga nasara. Wannan jeri yana da suna a wajen masana. Suna ce masa algoridim. Asalin kalmar sunan mutum ne, wato Muhammad ɗan Musa al-Khwarizmi, wani malamin lissafi da ya zauna a Bagadaza kimanin shekara 1,200 da suka wuce. Turawa sun fassara littattafansa, sunan ya juye a bakinsu, har ya zama haka.

Shukar Gero

Manomi ya daɗe yana aiki da irin wannan jeri, sai dai bai rubuta shi ba. A dubi shukar gero. Da za a rubuta wa inji yadda ake yin ta, ga abin da za a rubuta:

1. Sari rami da sungumi.
2. Zuba iri.
3. Rufe da ƙafa.
4. Yi taku ɗaya gaba.

Wannan shi ne abu na farko da ake koya wa yaro, wato jerantawa. Kowane mataki yana da wurinsa.

To, amma gona ba rami ɗaya ba ce. Idan kunya tana da rami 200, ba za a zauna a rubuta layukan nan sau 200 ba. Sai a ƙara layi ɗaya a ce: Maimaita 1 zuwa 4 har ƙarshen kunya. Wannan shi ne abu na biyu, maimaitawa. A nan ne inji ya fi mutum, don ko sau miliyan aka ce ya maimaita, bayansa ba zai yi ciwo ba.

Abu na uku shi ne sharaɗi, wato kalmar "idan". Idan ka kai ƙarshen kunya, juya ka kama ta gaba. Idan iri ya ƙare, tsaya. Da wannan kalma ce inji yake zaɓen abin da zai yi, har mai kallo ya zaci tunani yake yi. Na'urar cirar kuɗi da ke hannun mai POS a kasuwar ƙauye da ita take aiki. Idan lambar sirri daidai ce, ci gaba. Idan ba daidai ba ce, ƙi. Idan kuɗin da ke asusu bai kai ba, ƙi. Wani mutum ne ya zauna ya rubuta mata haka.

Yanzu a ce an yi kuskure wajen rubutu, layi na 3 ya riga na 2. Me zai faru? Inji zai sari rami, ya rufe shi babu komai a ciki, sannan ya zuba iri a sama. Ɗan ƙodago, komai sakarcinsa, zai lura tun a rami na farko. Inji kuwa haka zai bi gonar nan kaf, ya gama ya tsaya, kurciyoyi da zabi su yi biki. Haka kuma idan aka manta da layin nan mai cewa idan iri ya ƙare a tsaya, sai ya yi ta sara yana rufe ramuka babu iri har la'asar.

Neman irin wannan kuskure yana cin lokaci mai yawa na masu wannan sana'a. A Turance suna kiran kuskuren da sunan ƙwaro. A 1947 ma, a Jami'ar Harvard ta Amurka, wata babbar kwamfuta ta sami matsala. Da aka bincika sai aka tarar da ƙwaro na gaske a maƙale a ciki, irin mai fiffiken nan da ke zuwa wajen fitila. Aka cire shi aka manna a littafin aiki. Yaron da ya saba neman kuskurensa da kansa, ba tare da ya yi fushi ya watsar da aikin ba, ya sami abin da zai amfane shi ko da bai ƙara taɓa kwamfuta ba.

Abin Da Ake Yi A Cikin Ajin

Koya wa yara wannan aiki ba yau aka fara ba. A 1967 wani malami mai suna Seymour Papert, haifaffen Afirka ta Kudu, shi da abokan aikinsa a Amurka suka fito da wata hanya ta yara mai suna Logo. Daga baya suka haɗa ta da wani ɗan inji mai taya da suka kira kunkuru. Akwai alƙalami a cikinsa. Yaro zai ce masa yi gaba, juya dama, shi kuma yana tafiya yana zane a kan takarda. Idan yaro ya ce a maimaita tafiya da juyawa sau 4, sai ga zane mai kusurwa huɗu ya fito.

A yau abin da aka fi fara wa yara da shi sunansa Scratch. Jami'ar MIT ta Amurka ce ta fito da shi a 2007, domin yara 'yan shekara 8 zuwa 16. Kyauta ne. Ana iya sa shi a kwamfuta a yi aiki da shi ko babu intanet. An fassara shi zuwa harsuna fiye da 70, har da Hausa. A cikinsa umarni yana zuwa ne kamar bulo masu launi. Yaro yana jawo su yana ɗora wani kan wani, sai wata 'yar kyanwa da ke fuskar kwamfutar ta bi abin da ya jera. Ta yi tafiya, ta yi tsalle, ta yi magana. Mai wucewa zai ce wasa ake yi. Wasan ne kuwa, amma jerantawa da maimaitawa da sharaɗi duk suna ciki.

Waɗanda suka ƙara girma sukan wuce zuwa rubuta umarni da haruffa. Sanannen harshen da ake koya musu shi ne Python, wanda ya fito a 1991. A nan sai yaro ya san ɗan Turanci, don kalmomin umarnin na Turanci ne. Kuma a nan ɗigo ɗaya da aka sa ba a wurinsa ba yana iya tsayar da aikin gaba ɗaya.

Mutum-mutumi

Da an ce mutum-mutumi, sai a tuna da wanda ake kafawa a gona da tsohuwar riga don korar tsuntsaye, ko kuma ƙarfe mai kai da hannuwa irin na fim. Wanda ake haɗawa a aji ba lallai ne ya yi kama da mutum ba. Inji ne mai sassa uku. Akwai sashen da ke jin abin da ke faruwa, kamar haske ko zafi ko danshi. Akwai sashen da ke riƙe da umarni. Akwai kuma sashen da ke motsi, kamar taya ko famfo.

Sashen da ke riƙe da umarni wani ɗan allo ne da bai kai katin zaɓe tsawo ba. Wanda aka fi sani sunansa Arduino, an fara yin sa a Italiya a 2005. Batir ko ƙaramin faifan sola ya ishe shi.

Ga aikin da yara kan yi da shi, wanda mai noman rani zai gane nan take. Ana soka wani ɗan ƙarfe mai ƙafa biyu a cikin ƙasa. Jiƙaƙƙiyar ƙasa tana barin lantarki ya ratsa ta fiye da busasshiya. Ta haka ƙarfen yake gane ko akwai danshi. Sai a haɗa shi da allon, a haɗa allon da ɗan ƙaramin famfo. Yaro ya rubuta:

Duba ƙasa.
Idan ta bushe, kunna famfo.
Idan ta jiƙe, kashe famfo.
Jira minti 10, ka sake dubawa.

Shi ke nan, tumatir ya sami mai ban ruwa da ba ya barci. Sai dai kada a ruɗi kowa. Abin da yara ke haɗawa a aji tukunyar shuka ɗaya yake shayarwa. Kafin ya ɗauki fadama guda sai an sami manyan kaya da kuɗi da gwani. Amma dabarar ita ce dai wannan.

Ina Amfaninsa?

Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga jami'a ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya. Yaron karkara da bai taɓa zama gaban kwamfuta ba sai ranar jarrabawa, ya shiga da nauyi biyu: ga tambayoyi, ga tsoron na'ura. A 2025 kuma gwamnatin tarayya ta sanar da sabon tsarin karatu wanda ya sa rubuta umarni da ilmin mutum-mutumi cikin darussan sakandare. Sanarwa daban, aiki daban. Makarantar da ba ta da wuta, ba ta da kwamfuta, ba ta da malamin da ya iya, sanarwa ba za ta koyar da kowa a cikinta ba. Wannan magana ce da ya kamata iyaye su riƙa tayarwa a taron iyaye da malamai.

Irin waɗannan injuna sun riga sun iso. A 2022 kamfanin Zipline ya fara kai magunguna asibitocin karkara a Jihar Kaduna da ƙananan jirage marasa matuƙi. Umarnin da aka rubuta musu ne ke kai su ya dawo da su.

Kuma ba aikin maza kaɗai ba ne. A 2018 wasu 'yan mata 5 daga wata sakandare a Onitsha, Jihar Anambra, suka ci lambar zinariya a ɓangaren ƙanana na gasar Technovation a Amurka. Abin da suka yi shi ne manhajar waya ta gane jabun magani. Duk wanda ya taɓa sayen ƙwaya a kasuwa ya sha bai ji sauƙi ba, ya san girman wannan matsala.

Wani zai ce ai yanzu an yi manhajoji irin su ChatGPT, wadda ta fito a 2022, masu amsa tambaya har su rubuta umarnin da kansu. Haka ne. Amma su ma mutane ne suka gina su, kuma sukan yi kuskure su faɗe shi kamar gaskiya. Sai wanda ya san aikin ne zai kama su.

Kafin A Kai Hatsi Kasuwa

Ba kowane mai allo a bakin titi ne malami ba. Uba ya taka ya je da kansa, ko ya tura wanda ya amince da shi. Ya ƙirga kwamfutocin da ke aiki, ya ƙirga yaran. Idan yara 30 ne a kan kwamfuta 2, to kallo za a je yi. Ya tambaya, idan an ɗauke wuta yaya ake yi? Akwai sola ko janareta, ko kuwa sai a tashi?

Babbar tambaya ita ce, "Malam, idan an gama, me yaron nan zai iya yi da hannunsa?" Idan aka ce zai iya buga takarda da sauri, wannan ma ilmi ne mai amfani, amma buga rubutu ne, ba rubuta umarni ba, kuma kada a karɓi kuɗin wancan a ba da wannan. Idan aka ce zai sami satifiket, a sake tambaya, don takarda ba ta kunna famfo. Malamin kirki zai ɗauko aikin da ɗalibansa na baya suka yi ya nuna, kuma ba zai ji haushin tambaya ba.

Idan 'ya mace ce, a san lokacin shiga da na tashi, a san wanda za ta riƙa tafiya da shi, a duba ko akwai wasu 'yan mata ko malama a wurin. Wannan ya fi a ce kawai ba za ta je ba.

Akwai kuma tsoron da ke zukatan iyaye da yawa, wato kada yaro ya koyi damfara ta intanet. Tsoron yana da dalili. Nijeriya ta yi dokar hukunta laifuffukan intanet tun 2015, kuma hukumar EFCC tana kama matasa a kan haka. Amma rubuta umarni ba shi ne damfara ba, kamar yadda koyon ƙira ba shi ne fasa ƙofar mutane ba. Abin lura shi ne yaron da ya fara ɓoye waya idan an shigo, ko ya fara kashe kuɗin da ba a san inda ya samo ba.

A kuma sani cewa ajin mako 6 ba ya mayar da yaro injiniya. Yaron da bai iya karatu da lissafi sosai ba zai sha wahala a ciki. Idan kuɗin da ke hannu ɗaya ne, kuma zaɓi ya tsaya tsakanin littattafan makaranta da ajin hutu, littattafai ne gaba.

Idan Babu Kwamfuta Fa?

Ana iya farawa a tsakar gida. Tun shekarun 1990 wasu malaman jami'a a ƙasar New Zealand suka tsara wasannin koyar da ilmin kwamfuta ba tare da kwamfuta ba, kuma makarantu a ƙasashe da dama suna amfani da su. Ga irin wannan wasa.

A zana gidaje a ƙasa kamar na dara, 6 a tsaye 5 a kwance, amma manya, yadda yaro zai iya tsayawa a cikin kowanne. A ajiye goro a gida ɗaya. Yaro ɗaya shi ne inji. Ɗaya kuma shi ne mai rubuta umarni. Kalmomi 4 kawai aka yarda da su. GABA, wato taku ɗaya zuwa gida na gaba. DAMA, wato juyawa dama ba tare da barin gidan ba. HAGU, wato juyawa hagu haka nan. Sai ƊAUKA.

Dokar wasan ita ce, sai an rubuta umarnin duka a takarda ko a allo kafin inji ya motsa. Shi kuma inji ba shi da ikon gyara wa kowa. Ko yana ganin goron a gefensa, abin da aka karanta masa shi zai bi. Idan ya faɗa wajen zane, sai a koma a nemo layin da ya jawo haka. In an gwane, sai a sa duwatsu a wasu gidaje a ce ba a taka su.

Magidancin nan na farkon darasi da wannan wasa ya gwada ajin 'yarsa. Ya je ya ga wurin, ya biya, ta yi mako 2 tana zuwa. Wata ranar Juma'a da yamma ya zana gidajen a ƙofar turaka, ya tsayar da ƙaninta a ciki, ya miƙa mata fensir ya ce, "Rubuta masa hanya." Ta rubuta, shi kuma ya karɓa yana karantawa da ƙarfi, ƙanin yana bi. A karo na farko yaron ya wuce goron. Ta karɓi takardar ta duba ta ce, "Baba, GABA ɗaya ce ta yi yawa." Ta soke ta, aka sake, ya ɗauka.

Aikin Gida

An tsayar da yaro a gidan da ke kusurwar kudu maso yamma, yana fuskantar gabas. Goro yana taku 3 zuwa gabas, sannan taku 2 zuwa arewa. Wani ya rubuta masa wannan umarni:

GABA
GABA
GABA
DAMA
GABA
GABA
ƊAUKA

Da yaron ya bi, sai ya faɗa wajen zane. Mai karatu ya zana gidajen a ƙasa, ya gwada da ƙafarsa, ya nemo kalmar da ba daidai ba. Sannan ya sake rubuta umarnin a littafinsa, ya yi amfani da kalmar MAIMAITA don ya rage yawan layukan, ya kai wa malamin aji ya duba.